Sunan da Aka Kankare

Ranar wata Talata bayan la'asar matar Baffa Azab ta aiko a ce mini ƙafarta ta kumbura, in taimaka in kai wa mijinta abinci wurin gadi. Na ɗauki gurasa biyu da kwanon miyar lalo, na bi ta gefen gonakin rake na hau tudu, ina tafe ina tsaki. Don darajarta na je. In don shi ne, wallahi sai dai ya kwana da yunwa.

Baffa Azab yayan mahaifina ne, kuma ba ma shiri ko kaɗan. Shi ya yaga takardar da aka kira ni kwaleji da ita, mako guda da rasuwar babana, wai 'ya mace ba ta haye kogi neman karatu. Na haye. Na dawo da shaidar koyar da tarihi, aka ba ni aji biyar a firamaren ƙauyenmu. Tun daga nan ya daina kirana Fatahiyya, sai Daktora, yana jan kalmar yana taɓe baki. Shekara talatin yana gadin kaburburan mutanen da a tudun bayan gari, amma ko harafi ɗaya na jikin bangon bai iya karantawa ba. Ni na iya, kuma ba na bari ya manta.

A lokacin saura mako biyu sufeton makarantu ya zo makarantarmu daga birnin Luksor. Sauran malamai kowa dala yake haɗawa da kwali, wato tsororon kabarin sarakunan da, kamar bara, kamar bara waccan. Ni abin da babu a littafi nake so. A cikin kaburburan da Baffa ke gadi akwai ɗaya can ƙarshe, mai ƙofar ƙarfe, wanda ba a buɗe wa baƙi. Na dire masa kwano na ce ya ba ni makulli in kwafo wa yara zane. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce wancan ba na yara ba ne, ba kuma na daktoci ba ne. Na ce jahilci ke damunsa. Ya ce ya ji, in sauka kafin rana ta faɗi.

Ya zagaya bayan bukka kama ruwa. Makullan na rataye a ƙusa, sai na zare su na yi gaba.

Warin kashin jemage ne ya fara tarbata. A ƙarƙashinsa akwai wani, na kanwa da tsohon ƙaro. Na haska tocila. Zanen bango lafiya lau yake, ga masu girbi, ga jiragen ruwa, ga mata masu kukan mutuwa. Amma duk inda aka zana mai kabarin an farfasa fuskarsa. Duk inda ya kamata sunansa ya fito, rami ne. Ɓarawo ba ya irin wannan aiki. Mutanen zamaninsa ne suka zauna a natse suka bi bango ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa yana kwance a wani lungu da aka sassaƙa a jikin dutsen, naɗe cikin ƙyallen da ya koma baƙi. An ɗaure masa haɓa da igiya, ƙulli uku. Na ga mumiya, irin wannan busasshiyar gawa, ta fi ɗari a rayuwata, ban taɓa ganin wadda aka yi wa haka ba.

Biron hannuna ya faɗi, na durƙusa nemansa. A can ƙarƙashin lungun, inda ido ba ya kaiwa sai an kwanta, na ga sunan. Guda ɗaya ya kuɓuce musu. Na haɗa haruffan a fili, a hankali, yadda aka koya mana, na kwafe a tafin hannuna. Na datse kwaɗon, na mayar da makullan ƙusa Baffa bai sani ba, ina ta murnar samun sunan, Allah ya sani. Ba zan rubuta shi a nan ba, kada ma wani ya tambaye ni.

Abin da ke ƙona mini rai har gobe, ni da bakina nake koya wa yara cewa mutanen da sun yi imani mutum bai gama mutuwa ba muddin ana kiran sunansa. Na sha sa shi a jarrabawa, maki biyu. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me mutum zai aikata har 'yan garinsu su taru su kashe shi sau biyu ba.

Yara arba'in da biyu ne a ajina, suna ce mini Abla, wato malama. Cikinsu har da 'yata, mai shekara goma, ita kaɗai Allah ya ba ni, kullum a bencin gaba. Na shirya musu waƙa a kan yadda ake busar da gawa a zamanin da, ina tambaya suna amsawa. Me ake cirewa? Hanji da huhu. Me ake bari? Zuciya. Kwana nawa cikin kanwa? Arba'in. Wane ne mai kabari? Sai su kwarara sunan har tagogi su amsa. In bai yi mini ƙarfi ba in buga sanda a tebur in ce su maimaita. Da safe sau goma, kafin tashi sau goma.

A kwana na huɗu na fara jin wata murya a ƙarƙashin tasu, mai kauri, tana zuwa a makare kaɗan. Na ɗauka 'yan bencin baya ne ke mini iskanci, na zane biyu daga cikinsu. Sai aji ya fara warin kanwa. Na sa aka wanke daɓen, warin bai tafi ba. 'Yata kuwa ta fi kowa riƙe waƙar. Tana wanke-wanke tana rerawa, tana tsefe kai tana rerawa.

A kwana na tara ina kiran suna da safe, na iso layi na goma sha bakwai a rajista na tarar babu komai. An kankare wurin har takardar ta kusa hujewa. Na ɗaga kai in ga ɗan banzan da ya yi wannan aiki. Sai na ga 'yata tana kallona, tana jiran a kira ta.

Na buɗe baki, babu abin da ya fito.

Na san ranar da na haife ta. Na san tabon da ke gwiwarta. Amma sunan da ni na zaɓa mata da kaina ya tafi, kamar haƙorin da aka cire, harshe na zuwa wurin yana tarar da rami. Na tambayi ƙawarta wa ke zaune kusa da ita, ta ce 'yar Abla ce. Na ce sunanta fa? Yarinyar ta yi ta motsa baki, sannan ta fashe da kuka. Na sunkuya na tambayi 'yata da kanta, ƙasa-ƙasa.

Ta yi murmushi. "Kin sani mana, Umma. Ke kika koya mana."

Na sallami aji na ja ta gida. Takardar haihuwarta a kankare. Bangon littattafanta duka a kankare. Na buga wa ubanta waya, yana aiki a jirgin ruwan baƙi wajen Aswan. Ya fara tambayata yaya, sai ya tsaya. Can ya ce yaya yarinyar. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa sani ba.

Bayan la'asar na kulle ta a ɗaki na tafi neman liman, aka ce ya haye kogi jana'iza. Na dawo na tarar da ƙofa a buɗe, takalmanta a ajiye gefe da gefe. Sawun ƙafarta ya miƙe zuwa tudu.

Da gudu na hau. Na iske Baffa tsaye gaban ƙofar ƙarfen, kwaɗon a hannunsa, a buɗe, ba a fasa ba. Makullan kuma suna nan a ƙugunsa.

"Ta gabana ta wuce," in ji shi. "Na ɗaga murya in kira ta, na rasa da me zan kira ta. Me kika yi, Daktora?"

Na faɗa masa duka. Ya tofar da yawu dab da ƙafata. Ya ce kakansa da ko alif bai sani ba ya san waɗanda suka goge sunan nan ba mahaukata ba ne, sai ni mai takarda. Ya shiga bukka ya fito da guduma da guntun ƙarfe mai baki, ya cusa mini. Na ce ya shige gaba, ai jikarsa ce. Ya ce shekara talatin bai tsallake dokin ƙofar nan ba, ba kuma yau zai fara ba. Na ce masa matsoraci. Ya ce ƙwarai, shi ya sa ya tsufa.

"Ke kika iya karatu," ya ce. "Je ki goge."

Rana ta ɗora baki a kan tudu. Na shiga.

Warin ya ninka, har yana ɗaci a maƙogwaro. Jemagun duk sun gudu. Ba na jin komai sai takuna.

Na haska. 'Yata na tsaye gaban lungun, ta ba ni baya. Yatsunta na kan igiyar haɓar mai kabarin. Ƙulli biyu sun kwance, tana fama da na uku.

Kansa ya juyo. Ranar farko rufi yake fuskanta, yanzu ƙofa yake kallo.

Na so in daka mata tsawa, amma ba a tsawata wa yaro ba suna. Na ce ke. Ba ta motsa ba.

Sai bangon ya ɗauki waƙa. Muryoyin ajina ne, ɗaya bayan ɗaya na gane su, amma can ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya. Me ake bari? Zuciya. Kwana nawa cikin kanwa? Arba'in. Wane ne mai kabari?

Aka yi tsit. Ni ake jira.

"Maimaita," aka ce dab da kunnena, da muryata.

Harshena ya fara motsi da kansa. Harafin farko ya fito. Na gartsa wa harshen cizo har jini ya cika mini baki.

Na kwanta rub da ciki, na cusa kai ƙarƙashin lungun. Yana bisa kaina, tsakaninmu bai fi tafin hannu na dutse ba. Na saita ƙarfen. Bugun farko ya sauka a babban yatsana. Na sake.

Wani abu busasshe ya sauko a bayan wuyana. Yatsu ne. Suka lalubi mayafina, suka damƙe.

Daga bakin ƙofa na jiyo Baffa yana jan Ayatul Kursiyyu, yana tuntuɓe yana komawa farko.

Na buga. Na sake bugawa. Mayafin na shaƙe ni, idona ya fara duhu. Dutsen ya tsage, ɓarɓashi ya cika mini ido. Ban tsaya ba sai da yatsana ya shafa ya ji rami.

'Yata ta kurma ihu da muryar da ba tata ba.

Na zame kaina daga mayafin na bar masa. Na cafki kitsonta na ja. Tana cizona, tana yaƙushina, tana turjewa. Haka na ja ta a ƙasa har waje.

Baffa ya banko ƙofar ya datse kwaɗon. Daga ciki wani abu ya daki ƙarfen, sau ɗaya, har ƙura ta zubo daga sama. Sai muka jiyo kiran magariba daga gari.

Yarinyar ta yi laƙwas a jikina tana kiran Umma. Na rungume ta ina kuka, jini na zuba a rigarta. Baffa bai ce mini sannu ba. Ya tsaya a kanmu yana haki.

"Na bango kin goge," ya ce. "Na bakin yaran mutane fa?"

Sufeto ya zo, muka nuna masa dalar kwali, ya yaba. Na hana waƙar da sanda, na hana da roƙo, har gida-gida na bi ina ba iyaye haƙuri ba tare da na faɗi dalili ba. Baffa ya sa aka toshe ƙofar nan da duwatsu da siminti. Muka jira kwana bakwai ko sunanta zai dawo wa wani a cikinmu, bai dawo ba. Baffa ne ya yanka rago ya raɗa mata Ni'imat. Har ya koma ga Allah bai ƙara yi mini magana ba, ni ma ban neme shi ba, ko da yake na san shi ke da gaskiya.

Yanzu shekarunta goma sha bakwai. Lafiyarta ƙalau, tana sallah, tana karatu, ba ta tuna komai na ranar. In an kira Ni'imat tana amsawa, amma kullum sai ta ɗan jinkirta, irin amsar wanda ba ya son ya ba mutane kunya.

A watan jiya muna kasuwar Talata ni da ita, muna zaɓen tumatir. Can ƙetaren hanya wani tsohon ɗalibina, ya zama saurayi, yana sauke buhunan albasa daga mota yana 'yar waƙarsa ta yarinta, ba da wata manufa ba. Ni kaina da ƙyar nake jiyo shi cikin hayaniyar. Na ji ya wuce kanwa, ya wuce arba'in. Na saki tumatirin zan ƙwala masa kira, amma ya riga ni. Ya faɗi sunan, a hankali, yana goge gumi.

Ta ajiye kwando ta juya nan take.

"Na'am," in ji ta.