Ƙarfen Awon Bongor da na Yagwa

A taron horo na Yagwa, garinsu a gaɓar Kamaru, Fisu ya fara ganin Odil. An tara masu karanta ma'aunin ruwa na Kamaru da na Cadi, ana nuna musu hoton kogin Logon da tauraron ɗan'adam ya ɗauko, ana cewa daga yau gaɓar nan da waccan za su riƙa musayar awo kowace safiya. Kowa sai hamma yake, ban da Odil, wata doguwa daga Bongor ta Cadi wadda hannunta ya ƙi sauka.

"Malam, tauraron nan zurfi yake gani ko faɗi kawai? In gajimare ya rufe fa?"

"Shi ya sa muke bukatar idanunku," in ji malamin.

Fisu dai nasa idon ya riga ya sami aiki. Da aka raba lambobin waya sai Allah ya haɗa su, don ƙarfen awonsa yana kallon nata ne, kogi kawai ya raba.

Washegari ya tura: "Yagwa, mita 3.62."

Ta amsa: "Bongor, 3.20. Ka wanke ido kuwa?"

Kafin sati uku saƙon ya yi ƙiba. "Yagwa 3.90. Kin tashi lafiya, Uwar Tambaya? Na hango jan ɗankwalinki."

"Bongor 3.48. Lafiya lau, Mai Ƙari. Wa ya ce ka kalle ni maimakon ruwa?"

So ya kama su kamun gaske. Amma ranar da Odil ta kai maganar gida, mahaifinta Baba Dasidi, tsohon masunci da ambaliyar bara ta cinye masa gonar shinkafa, ya ture kwanon tuwon jar dawa gefe.

"Kogi ɗaya, lamba biyu? Ɗayanku maƙaryaci ne, kuma 'yata ba ta ƙarya. Ƙara lamba suke don a ɗaga musu ganuwar tare ruwa, ruwan ya kwararo mana. Ko shanun duniya ya koro, ba na ba maƙaryaci 'ya."

Manga mai injin casar shinkafa, wanda ya daɗe yana zarya a gidan don neman auren Odil, ya samu na yi. "Ai daga kan tabarma yake rubuta miki, ko bakin ruwan ba ya zuwa."

Maganar ta soke ta. Kwana tara lamba tsura take turawa, ba gaisuwa. Fisu ya rame, ya rubuta: "Abin da idona ya gani nake faɗa, Odil. Ko don in same ki ba zan rage ko ɗigo ba."

Mai tambaya ba ya ɓata. Ta zauna da wayarta tana bin saƙonni tun daga na farko, sai ta miƙe zumbur ta sami mahaifinta yana ɗinkin koma.

"Baba, kullum shi yake fara turowa, bai ga tawa ba. Kuma kullum tazarar santimita arba'in da biyu ce, ruwa ya hau ko ya sauka. Wane irin maƙaryaci ne wannan?"

"Mai wayo."

"To zo mu kama shi. Ɗauko gorarka."

Tsoho ya so ya ƙi, amma shi ma abin ya fara cin sa. A gaɓar Bongor ya zura gorar tuƙinsa har gindin ƙarfen, inda lamba ta fara, ya ɗaura zare daidai inda ruwa ya jiƙa. Suka haye Yagwa, Fisu na tsaye cikin ruwa. Tsoho ko kallonsa bai yi ba, ya sake zura gora. Ruwa ya haɗiye zaren, ya wuce da taƙi biyu.

Ya sake gwadawa, haka dai aka samu. Ashe tun asali waɗanda suka kafa ƙarfen Yagwa sun fi nutsa nasu ƙasa, kowace ƙasa da inda ta fara ƙirga.

"Kai yaro, shekara nawa muna zagin ku a kan wannan?"

"Mu ma muna ramawa, Baba," in ji Fisu.

Dariya ta ƙwace wa tsoho. "Fito daga ruwan nan kar ka yi mura. Ka ce wa ubanka ya koro shanun."

Ofisoshin ruwa na ƙasashen biyu suka turo masu awo aka daidaita lissafi. Bayan girbi aka ɗaura aure a cocin Bongor, kwalekwale cike da masu guɗa suka haye da amarya. Da za ta shiga jirgi ta tsaya turus, hawaye ya cika mata ido.

"Wa zai karanta ƙarfena?"

"Wuce ki tafi," in ji Baba Dasidi. "Ba kin koya min lambobin ba?"

Washegari ƙarfe bakwai na safe wayar ango ta yi ƙara. Odil ta leƙo ta kafaɗarsa suka karanta tare.

"Bongor 2.15. Ka riƙe min ita da gaskiyar nan taka. Allah ya yi muku albarka."