Bidiyon Da Ya Riga Shi Zuwa Gidan Surukai

A motar haya mai zuwa Birnin Kudu suka haɗu, ranar kasuwar Gwaram, damina ta yi nisa. Ikrima ya zauna a gefen taga ya sunkuyar da kai, kamar yadda ya saba tun da abin ya same shi.

Malamin gona ne, kuma yana da in'ina tun yana yaro. Bara da tsutsa ta faɗa wa masarar mutane, sai ya ɗauki bidiyo a gona yana bayanin yadda za a gane ta da wuri. Wani da har yau ba a san ko wane ne ba ya yanko wurin da harshensa ya sarƙe a kan kalmar tsutsa, ya ɗora masa kiɗa, ya saka a shafin sada zumunta. Kafin a girbe masarar, bidiyon ya shiga kowace waya daga Gwaram har Kangire. Ikrima ya daina zama a majalisa. Daga aiki sai masallaci, daga masallaci sai ɗakinsa, inda ba wanda zai sa shi magana.

Mota ba ta bar gari ba wasu samari a baya suka gane shi. Ɗaya ya kunna bidiyon, dariya ta ɓarke.

Wata budurwa mai shuɗin hijabi ta juya ta dube su. "Don Allah ku kashe. Da yayanku ne za ku kunna?"

Suka kashe suna ƙunƙuni. Ta juyo gare shi ta rage murya.

"Malam, ni na kalli na asalin har ƙarshe. Kakata Dada ta bi shawararka, masararta ta tsira. Kullum sai ta yi maka addu'a, ba ta ma san ka ba."

Ikrima ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Ya jira ta kawar da kai, ko ta ƙarasa masa maganar kamar yadda kowa ke yi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta jira shi kawai.

"Na... na gode," ya ce daga ƙarshe.

Sunanta Bara'atu, 'yar Malam Abdulsalami mai Islamiyya a Birnin Kudu, a nan take koyar da yara mata. Kafin su sauka ta ba shi lambarta, wai ko Dada za ta sake neman shawara.

A rubuce Ikrima ba shi da in'ina. Saƙo ya fara da maganar gona, a hankali ya bar gona.

"Bara'a, yau na wuce ta ƙofar gidan Dada sau biyu, alhali ba hanyata ba ce. Na san ba kya nan, amma ƙafata ba ta yarda ba."

Ta amsa: "Manomina, ka gaya wa ƙafar taka hanyar Birnin Kudu ba ta da ƙaya. Kuma ka riƙa kirana. Muryarka nake son ji, ba rubutunka kaɗai ba."

Da ya fara zuwa zance, wata yamma ta tambaye shi dalilin da bai kai ƙarar bidiyon ba.

Ya ce ya kai wa masu shafin ba sau ɗaya ba. Amsa ɗaya ke dawowa da Turanci: sun duba, ba su ga abin da ya saɓa ƙa'idarsu ba. "Ina jin babu mai jin Hausa a cikinsu."

"To hukuma fa? Ai don irin wannan aka yi ta. A kama mutum ɗaya, sauran su shiga taitayinsu."

Sai ya ba ta labarin abokinsa Yahuza, wanda ya rubuta a shafinsa cewa gadar ƙauyensu ta karye ba a gyara ba. Wani mai muƙami ya ce zagi ne, aka kulle shi. "Shi bai zagi kowa ba, ya kwana a can. Ni an zage ni, ba wanda ya motsa. Shi ya sa nake tsoron ƙofar nan."

"Kenan mu haƙura, ba mai tsaya mana?"

"Ban sani ba, sanyin idona. Wallahi ban sani ba."

Da maganar aure ta kai kunnen Malam Abdulsalami, sai aka tarar bidiyon ya riga magabatan Ikrima isa gidan. Malam ya ce shi bai ga laifin yaron ba, in'ina halittar Allah ce. Amma ba zai kai 'yarsa inda za a riƙa nuna ta a titi ba, gobe a tsokani jikokinsa a makaranta. Ga Sulaimanu ɗan maƙwabcinsu, mai shagon sayar da waya, ya daɗe yana nemanta. A bar maganar haka.

Ana cikin wannan, wani abokin aikin Ikrima ya miƙo masa waya a ofis. Shafi ne da sunan Bara'atu da hotonta. An saka bidiyon nan, a ƙasansa an rubuta: "Wai wannan ne yake son aurena. Kafin ya gama cewa ina son ki, na tsufa."

Ikrima ya karanta, ya mayar da wayar, ya fita. Bai yi fushi ba, da ma a ransa ya daɗe yana jiran ranar da za a ce masa wasa ne. Ya kashe wayarsa ya jefa a aljihun tebur, ya karɓi aikin zagayen ƙauyukan da kowa ke gudu saboda nisa. Ya riƙa hawa babur da sassafe, ya bi gonakin riɗi yana nuna wa manoma ganye da yatsa, ya rage magana iya yadda zai iya. Idan rana ta take ya zauna a gindin tsamiya ya ci ɗumamen da Innarsa ta ɗaure masa, shi kaɗai. Wani lokaci yakan tsinci kansa yana shirya abin da zai rubuta mata, sai ya tuna.

Dada ce ta tare shi da kanta. Tsohuwar ta tsaya a tsakiyar hanya da sandarta har ya taka birki.

"Kai ne mai maganin tsutsa? To ka kasa maganin taka. Jikata ta rame saura ƙashi. Je ka kunna wayar nan."

Ya je ya ciro ta ya kunna. Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Manomina, ba ni ba ce. Na rantse da Wanda ya halicce ni ba shafina ba ne."

"Maza suna ta rubuta mini maganganun da ba zan iya maimaitawa ba. Na kai ƙara, sun ce ba su ga laifi ba. Yanzu na gane abin da ka daɗe kana sha."

"Baba ya hana ni zuwa aji har ƙura ta lafa. Ba ni da kowa. Kai ma da ka san zafin abin nan, ka bar ni ni kaɗai?"

Wannan na ƙarshen ya fi komai yi masa ciwo. Bai rubuta ba, kiranta ya yi. Ya daɗe yana fama da kalmar farko, tana jiransa tana kuka.

"Ki... ki yafe mini, Bara'a."

Yayarta Ummussalma ce ta gano bakin zaren. Hoton da ke shafin an yanko shi ne daga wanda aka ɗauka a walimar ƙanwar Sulaimanu, kuma da wayarsa aka ɗauka. Da aka matsa wa Sulaimanu, ya amsa cewa shi ya buɗe shafin.

Malam Abdulsalami ya tara mutane a zaurensa, ya aika a kira Ikrima. Ƙanin Malam, Kawu Rabi'u, wanda ya san manya, sai huci yake.

"Yaya, waya ɗaya zan buga, yaron nan ya kwana a kulle. Ba sai an je kotu ba."

Sulaimanu na durƙushe, mahaifinsa na gefe kansa a ƙasa. Malam ya dubi Ikrima. "Kai aka fara yi wa. Me ka ce?"

Ikrima ya fara magana, ta sarƙe, ya sake farawa. Kawu zai tsoma baki, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Malam, idan aka kulle shi don Kawu ya san manya, gobe wanda ya fi Kawu sanin manya zai kulle wanda bai yi komai ba. In za a kai shi, a kai shi gaban alƙali, a ji ta bakinsa. Nawa na yafe. Amma sunan Bara'atu aka ɓata. Ita ya kamata a tambaya."

Malam ya aika cikin gida. Bara'atu ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ciki.

"Baba, ni da kotu na so. Amma kotu ba za ta shiga wayoyin mutane ta wanke ni ba. Ya ɗauki bidiyo da fuskarsa da sunansa, ya faɗi abin da ya yi, ya saka a inda ya saka ƙaryar. In an gani, ya goge shafin. Yafiya kuma a ba ni lokaci."

Haka aka yi. Ba kowa ne ya kalla ba, don mutane sun fi son ƙaryar, amma waɗanda ake jin kunyarsu sun gani.

Da jama'a suka watse, Malam ya tsayar da Ikrima. Yana jan carbi ya ce:

"Na ji tsoron bakin mutane, har na manta in saurari naka. Ka turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Manoma suka zo daga Wurno da Kangire a kan babura, wasu da kaji a ɗaure, wasu da damin masara. Yahuza ne babban abokin ango. Tsohon bidiyon dai bai mutu ba, ko a wurin ɗaurin auren an ji wani ya kunna shi daga nesa. Ikrima ya ji, amma wannan karon bai sunkuyar da kai ba.

Da yamma aka kai amarya Gwaram. Dada ta kama hannunta ta sa a cikin nasa.

"Ga ta nan, amana. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Allah ya tsare ku daga bakin mutane, na fili da na cikin waya."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi. Da ɗakin ya rage su biyu, Ikrima ya laluba aljihu zai ciro waya, don abin da ke ransa ya yi wa bakinsa yawa. Bara'atu ta karɓe ta ta ajiye a gefe.

"Faɗa mini da bakinka, angona. Ba inda za ni."