Jifan Da Ba Ta Yi Wa Bismilla

"Wa ka gaya wa, Musaddiq?"

Bai ɗago kai ba. Yana durƙushe a gindin mangwaron bakin fili, yana cusa sandunan wasa cikin jaka kamar wanda aka ce za a ƙwace masa su.

"Jawa, kin gaji. Ki je gida ki huta, gobe ma akwai gwaji."

"Ba hutu na tambaye ka ba."

Jawahir ta dunƙule hannunta na dama, hannun da duk Kontagora aka san babu na biyunsa wajen jifa a wasan sofbol. Yau kuwa hannun nan ya sha kunya, a gaban baƙuwar da hukumar wasan ta Afirka ta turo don ta zaɓi yarinya ɗaya da za a kai sansanin horo a Kampala. Duk jifan da ta yi wa Mardiyya, abokiyar takararta, sai Mardiyya ta tare shi da sanda ta aika ƙwallon bayan katanga, kamar wadda ake raɗa wa abin da ke tafe.

Ashe kuwa raɗa mata aka yi.

Priscilla ce ta gano. Aminiyarta ce, 'yar Dukku, ita ke tsugunawa bayan mai riƙe da sanda tana cafke duk ƙwallon da Jawahir ta jefo. Ana tashi ta ja ta gefe, ta cire ragar da ke kare mata fuska.

"Jawa, ni fa ina daf da yarinyar nan. Ba hannunki take kallo ba."

"To me take kallo?"

"Bakinki."

Nan take Jawahir ta ji kamar an watsa mata ruwan randa.

Jifa iri biyu gare ta. Akwai mai zafi, wanda ke wucewa kamar walƙiya. Akwai kuma mai sanyi, wanda take wulwula hannu kamar za ta saki mai zafin, amma ƙwallon ya tafi a hankali, mai sanda ta yi gaggawar kai duka ta daki iska. Kafin mai zafi, takan motsa leɓɓanta ta yi Bismilla. Kafin mai sanyi kuwa ba ta yi, don tun tana ƙarama kakarta ta cusa mata cewa ba a ambaton sunan Allah a kan yaudara. Ko Priscilla ba ta san wannan ba.

Mutum ɗaya ta taɓa gaya wa a duniya.

Musaddiq ne ya kawo wasan garin. Ya dawo daga Legas da tsohuwar jaka cike da safunan hannu na fata, da baki cike da labari. In aka tashi daga horo yakan zaunar da 'yan matan a inuwa yana ba su tarihi: yadda wasu ƙasashe ƙalilan suka taru a Legas tun kafin a haife su suka kafa hukumar besbol da sofbol ta nahiyar, yadda aka raba Afirka shiyya-shiyya, yadda yarinya za ta iya tashi daga filin ƙura irin nasu ta je ta ɗaga tutar ƙasarta. Sauran suna sauraro suna cin gyaɗa. Jawahir kuwa kallonsa take yi, har ta kasa gane ko wasan ta fara so ko mai koyar da shi.

Ta sha wuya a kansu duka biyun. Mahaifinta, Alhaji Zaidu mai hatsi, ya ce ba ya ganin mutuncin budurwa tana wulwula hannu a gaban jama'a, kuma ba ya ganin sana'a a wurin ƙaton da ke wuni da ƙwallo. Da kuka da roƙo ta samu ya bari, bisa sharaɗin cewa in ba a zaɓe ta a wannan gwajin ba, ta ajiye safar hannun har abada.

Ranar da ta gaya wa Musaddiq zancen Bismillar, dariya ya yi har da riƙe ciki, sannan ya dube ta da idanun nan nasa masu kashe mata jiki.

"Hasken raina, ke ko a wasa ba ki iya cuta ba. Wannan ya tsaya tsakanina da ke."

Yau ga shi ya kasa haɗa ido da ita.

"Dube ni," ta ce. "In ka ce ba kai ba ne, wallahi zan yarda. Ka faɗa kawai... don Allah ka faɗa."

Ya miƙe a hankali. Idanunsa sun yi ja.

"Don ke na yi, Jawa."

Ta ja da baya.

"Don ni?"

"Don mu. Hajiyarmu ta rantse ba za ta karɓi surukar da ta je wata ƙasa ta yi tsalle-tsalle da wando ba. Ta ce ranar da kika hau jirgi, ranar maganarmu ta mutu. Sai Mardiyya ta same ni..."

"Ƙanwarka."

"'Yar ƙanwar Hajiya ce, kin sani. Ta ce abin mai sauƙi ne. In ita ta tafi, ke kin zauna, Hajiya ta huce, a sa mana rana. Kowa ya samu abin da yake so."

"Kowa?"

"Masoyiyata, ki fahimce ni. Ban iya rayuwa babu ke."

"Kai ka sa min ƙwallo a hannu, Musaddiq. Kai ka ce in yi mafarki. Ina tsaye a tsakiyar fili mutane suna min dariya, ina waiwayenka ina neman ka ba ni ƙarfi... kana tafa min. Kana cewa in daure."

Hawayen da take riƙewa suka ɓalle.

Daidai nan Mardiyya ta biyo ta gefensu, sanda a kafaɗa, tana tauna cingam.

"Sannu da ƙoƙari, amaryar Yaya. Ki sha ruwan ɗumi, hannu ya huta. In na je Kampala zan taho miki da turaren lefe."

Priscilla ta yunƙura za ta yi kanta, Jawahir ta riƙe mata riga.

"Bar ta, Pris. Ita ba ta taɓa ce min tana sona ba."

Ta ɗauki safar hannunta ta bar filin, Musaddiq yana kiran sunanta har ta sha kwana.

Ta tarar da mahaifinta a tsakar gida, bai jima da dawowa daga kasuwar Bangi ba, ƙurar masara ma ba ta bar hularsa ba. Yana kan tabarma yana shan fura. Ta so ta wuce ɗaki, ya dakatar da ita.

"Uwata, zo nan. Wa ya mutu?"

Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa yake kiranta haka ko da suna cikin rigima. Ta durƙusa. Ba ta yi niyyar faɗa ba, don ta san abin da za ta ji: ai na gaya miki. Amma tana buɗe baki komai ya zubo, har zancen Bismillar.

Alhaji Zaidu ya ajiye ludayi.

"Ni na hana ki wasan nan," ya ce, "amma a gaban idonki na hana ki. Kika yi kuka, kika yi fushi, kika daina kawo min ruwan alwala. Duk a fili muka yi. Shi yaron nan murmushi yake miki yana haƙa miki rami."

"Baba, na haƙura. Gobe ba zan je ba. Ka yi gaskiya tun farko."

"Wa ya ce miki gaskiyar nake nema?"

Ta ɗago da mamaki.

"Tambayarki zan yi. Ita mai sandar, ta san kina da jifa mai sanyi?"

"Ta sani."

"Alƙalin wasa ya sani? Dokar wasan ta yarda?"

"Ta yarda, Baba."

"To ina yaudarar? Ni in na je Mashegu sayen doya, mai kaya ya san zan taya ƙasa, ni na san zai ɗaga sama, kuma da Bismilla muke farawa mu duka. Wannan ciniki ne, ba cuta ba. Allah ya jiƙan Inna, gaskiya ta faɗa miki, ke ce kika kai maganar inda ba ta aike ki ba. Yaudara ita ce wadda aka yi miki yau."

Ya ɗauki ludayinsa.

"Ki yi Bismilla a kan kowane jifa. Kuma ki ce wa uwarki ta fito min da farar rigata, gobe zan je in ga abin da ake ta wulwula hannun nan a kai."

Washegari da hantsi fili ya cika. Baƙuwar, wata doguwar mata 'yar Uganda mai furfura a goshi, tana tsaye bayan raga ta harɗe hannuwa. Can gefe, cikin 'yan acaɓa da masu sayar da rake, ga Alhaji Zaidu da farar riga yana riƙe da lema, fuskarsa a murtuke kamar wanda aka kawo shari'a.

Musaddiq ya tare ta a bakin fili. Kamar bai runtsa ba.

"Jawa, minti ɗaya..."

"Koci, ka ba ni hanya."

Tun da suka fara soyayya ba ta kira shi da wannan sunan ba sai a gaban mutane. Ya matsa.

Mardiyya ta shigo da sandarta tana rangaji. Dokar a bayyane take: in mai sanda ta kuskure ƙwallo sau uku, ta fita. Priscilla ta tsuguna, ta daki safar hannunta.

"Kawo shi, ƙawata. Kawo mata na gidan Alhaji."

Jawahir ta dubi Mardiyya, ta ga idanun nan sun sauka a kan bakinta. Ta motsa leɓɓanta a fili yadda ko makaho zai gani.

Bismillah.

Mardiyya ta ɗaure jiki tana jiran walƙiya. Ta kai duka da dukkan ƙarfinta, har ta kusa faɗuwa, sannan ƙwallon ya iso a hankali ya faɗa hannun Priscilla.

Mardiyya ta waiwaya tana neman Musaddiq da ido. Ya sunkuyar da kai.

Jawahir ta sake yin Bismilla. Wannan karon Mardiyya ta tsaya jiran mai sanyi, mai zafi ya wuce ta kafin ta ɗaga sanda. A na uku ta rasa wanda za ta jira, ta daki iska, sandar ta kuɓuce mata ta yi gefe.

Fili ya kaure da ihu. Alhaji Zaidu ya taɓa ɗan acaɓan da ke kusa da shi.

"Kai, an ci ne ko an cinye mu?"

"An ci, Baba."

"To 'yata ce."

Haka Jawahir ta ci gaba da fitar da su ɗaya bayan ɗaya har rana ta take. Da aka tashi, baƙuwar ta tako har tsakiyar fili ta kama hannunta na dama, ta jujjuya shi tana murmushi, ta tambaye ta da Turanci ko tana da fasfo.

Kowa ya yi murna. Ita kaɗai ta ji daɗin yana da ɗaci, don mutumin da ta saba nema da ido in ta yi abin kirki yana tsaye can nesa, kuma ta hana kanta kallonsa.

A makon nan Alhaji Zaidu ya mayar wa dangin Musaddiq goron gaisuwarsu. Musaddiq ya turo abokai, ya turo kawunsa, ya yi ta kiran wayarta har ta kashe ta. Ta rame. Mahaifiyarta takan same ta zaune a bakin gado da safar hannu a cinya, ba ta kuka, ba ta magana.

Ranar tafiya Musaddiq ya same ta a tashar motocin zuwa Minna, inda za ta haɗu da waɗanda aka zaɓo daga sauran garuruwan jiha kafin su wuce Abuja. Priscilla tana rigima da kwandasta a kan inda za a sa jaka. Alhaji Zaidu ya hango shi, ya kau da kai ya ba su wuri.

Musaddiq ya faɗa sosai, rigar ma ta yi masa yawa.

"Jawahir... na san ban cancanci ki saurare ni ba."

Ta kau da kai, ya ci gaba.

"Na gaya wa Hajiya ko ta yarda ko ba ta yarda ba, ke ce. Ki je, ki dawo, zan jira ki ko shekara nawa ne. Tsoro ne ya sa ni, wallahi tsoron rasa ki ne."

"Na yafe maka, Musaddiq. Tun ranar na yafe."

Fuskarsa ta yi haske, ya matso.

"Amma kada ka jira ni."

"Jawa..."

"Ka san abin da ke hana ni barci? Ba dariyar da aka yi min ba ce. Ba Mardiyya ba ce." Ta share ido da gefen hijabinta. "Ba ka taɓa tambayata ba. Ka zauna da Hajiya, ka zauna da Mardiyya, kuka yanke yadda rayuwata za ta kasance, ni ce kaɗai ba a kira ba."

"Na san ba za ki yarda ki zauna ba."

Ta dube shi, kallon da ta daɗe tana hana kanta. Direba ya tayar da mota, kwandasta yana bubbuga ƙofa.

"Ashe ba ka san ni ba," ta ce a hankali. "Da ka zo ka ce min, Jawa, kada ki tafi... wallahi da na zauna."

Ta shiga mota ta ja ƙofa.