Gefen Mayafin Raliya

Ranar wata Talata ce a ƙarshen bazara. Tun hantsi hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ya tsaya a kan duwatsun Birnin Damagaram, ya ƙi zuba ya ƙi wucewa. Ko ganye ba ya motsi.

Isma'ila na kan kekensa na ɗinki a shagon Kawu Illa da ke Zango, yana zuba aiki a wuyan wata riga. Saura kwana goma sha tara a ɗaura masa aure da Raliya. An riga an raba goron sa rana, har abokai sun fara kiransa ango.

A ƙofar shagon ne samarin unguwa ke kafa fadarsu ta shayi. Daga can Gambo ya ɗaga waya sama yana dariya.

"Kai ango, ajiye zaren nan ka zo ka ga yadda manya ke shan iska!"

Isma'ila ya fito yana share gumi. Hoto ne da ke ta yawo tun safe. Ga farar mota a gindin dogon yaro, ga Alhaji Kyari a ciki, fuskarsa tar kamar a katin zaɓe. Kowa ya san shi: dirakta ne a wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyi, shi ya kafa wa unguwar famfo, kuma bana yana neman kujerar depite a majalisar dokoki. Hannunsa na damƙe da wuyan hannun wata mace. Ita kuwa ta ba da baya, ƙafarta ɗaya a waje. Ba a ganin fuskarta ko kaɗan.

"Wace ce?" in ji wannan.

"Wallahi sai mun gano ta!" in ji wancan.

Shi dai tela ba fuska yake fara kallo ba. Idon Isma'ila ya sauka a gefen mayafin. Ya ja hoton da yatsu biyu. Ganyen dabino ne a jere da koren zare, sai na bakwai da aka ƙarasa da ruwan goro, don koren ya ƙare a ranar.

"Kai! Wannan ai ɗinkina ne!"

Maganar ta fita kafin ya san ta fita.

Duk fada ta juyo gare shi. Babu wanda bai san mayafin ba. Sati guda ya yi yana ɗinka shi a gabansu, yana cika baki cewa duk Damagaram mace ɗaya ce za ta yafa irinsa.

Kafin la'asar hoton ya iso wayarsa. Wannan karon da suna a ƙasa, da sunan uba, da unguwa.

A zauren gidan su Raliya ya same ta. Idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa.

"An ce kai ka gane ni."

"Raliyata, wallahi bakina ne ya suɓuce..."

"Ba ka tambaye ni abin da ya faru ba."

"Me ya faru?"

"Dosiyen takarduna na neman aikin sakatariya yana bironsa, can wurin aikinsa, wata biyu. Jiya ya gan ni ina tafe cikin rana, ya ce in shiga ya rage mini hanya, maganar aikin ta taso. Sa'an Baba ne fa, Isma'ila! Da ya kauce hanya ya tsaya, na buɗe ƙofa. Ya riƙe ni, na fizge. Ka duba hoton da kyau, shiga nake yi ko fita?"

Ta miƙo hannunta. Ga shatin yatsu huɗu a wuyan hannun, ya yi baƙi.

"Na yarda da ke, hasken idona. Ko Alƙur'ani aka kawo..."

"Ba rantsuwa nake so ba. Inda ka faɗi ta farko, koma can ka faɗi ta biyu. Ka ce matata ce, guduwa take yi."

Ya sunkuyar da kai.

"Ki bari abin ya ɗan lafa tukuna... kwana biyu kawai."

Ta daɗe tana kallonsa. Can nesa aka yi tsawa, ba ko ɗigo.

"To," ta ce. "Ina sauraron ƙofa."

A gida ya tarar da Inna zaune da Kawu Illa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar babansa, ya kuma koya masa keke ranar da ya bar lakwal, makarantar boko.

"Me ya kai ta cikin motar?" in ji Inna, ko sallamarsa ba ta gama amsawa ba.

"Inna, shi fa me ya kai hannunsa jikinta?"

"Rufe mini baki! Shi namiji ne, ko a kwata ya faɗa wanka zai yi ya fito. Mace kuwa farin zane ce."

"Ga shatin hannunsa a..."

"Kai yaro," Kawu ya katse shi a hankali, "ruwan da ka yi alwala da shi yau, na famfon wa? Rabin shaddar da ke shagon nan ta mutanensa ce. Ba a jayayya da kada ana cikin tafki."

"Ƙannenka biyu mata na nan zaune," Inna ta ƙara, hawaye na zubo mata. "Ka kawo mini ita gidan nan, wa zai yi sallama da su? Ni ban ce ta aikata ba. Amma an riga an faɗa."

Laraba ta wuce, Isma'ila bai fita fada ba. Alhamis ma haka. Ya rubuta mata saƙo ya goge ya fi sau goma.

Labari dai yana iso shi har kan keke. An ce da Raliya ta je famfo, mata suka janye jarkokinsu daga kusa da tata. An ce wata ta tambaye ta ko motar na da sanyi. An ce saurayin ƙanwarta Husaina ya daina zuwa zance.

Ranar Juma'a ya ga Alhaji Kyari a sahun gaba. Bayan sallama mutane suka yi ta rububin ba shi hannu. Wani dattijo har da zolaya:

"Alhaji, ashe tsufa bai ci ƙarfinka ba!"

Aka kwashe da dariya. Alhajin ma ya yi murmushi yana jan carbi.

Ran Asabar da hantsi farar motar ta tsaya a ƙofar shago. Samarin fada duk suka miƙe. Gambo ne ma ya buɗe masa ƙofa.

Shadda ya kawo, babbar riga yake so ta taron neman ƙuri'a, da aiki har ƙasa.

"Isma'ila, auna Alhaji," in ji Kawu.

Ya ɗauko magwaji. Ya auna kafaɗa. Ya auna tsawo. Da ya zo hannu, ya tsaya yana kallon yatsun nan huɗu masu zobe.

"Kai ne yaron, ko?" in ji Alhaji, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Allah ya so ka, ka gane da wuri. Yaran matan yanzu, ka taimake su, su ja maka magana. Ni na yafe mata."

Magwajin ya faɗi ƙasa.

"Fita take yi!" Muryar Isma'ila ta cika shagon har waje. "Ku duba hoton! Guduwa take yi, shi ya riƙe ta! Matata ce!"

Babu wanda ya ciro waya. Gambo ya juya yana fifita gawayi. Alhaji ya dubi Kawu ya girgiza kai, kamar mai tausayin mara lafiya.

"Ka nema masa rubutu, Illa."

Isma'ila ya ruga gidan su Raliya. Husaina ce ta leƙo, ba ta ko gaishe shi ba.

"Tun asuba Baba ya sa ta a mota. Tana Gidimuni wurin Goggo. Kayan auren da kuka kawo kuma Kawunka ya aiko an kwashe jiya."

Ya ari babur ya kama hanya, hadarin nan na gabansa kamar bango.

A bakin tafki ya same ta, ƙarƙashin dabino, mayafin a cinyarta da reza a hannu. Tana warware ɗinkin, ganye bayan ganye.

"Raliya... na faɗa! Yau na faɗa, a gabansa, a gaban kowa!"

"Suka ce me?"

Ya kau da kai wajen tafkin.

"Da ran Talata ka faɗa, da ko ba su yarda ba, ni na ji." Ba ta ɗago ba. "Kwana huɗu ina sauraron ƙofa, Isma'ila. Duk wanda ya taɓa ta sai gabana ya faɗi. Da aka yi sallama jiya na fito da gudu ba takalmi... ashe masu kwasar kaya ne."

"Ki yafe mini, masoyiya. Mu ɗaura ko a nan ne, ko ba kowa!"

"Ka kai ni ina? Gidan da Inna za ta riƙa wanke kofin da na sha? Shi Alhaji dama ban taɓa sa ran alheri a wurinsa ba. Kai ne nawa."

Ta kai ga ganye na bakwai, mai ruwan goro. Nan hannunta ya tsaya. Hawaye ya ɗiga a kai. Sannan ta sa reza.

Ta dunƙule zaren gaba ɗaya, ta buɗe tafin hannunsa ta zuba masa.

"Ga ɗinkinka. Yanzu ba mai gane ni."

Ta yafa mayafin haka nan, ta bi hanyar gari. Ya kira sunanta sau uku, ba ta waiwayo ba.

Satin nan ruwa bai sauka a Damagaram ba.

Raliya ta rasa aure, ta rasa aikin, ta rasa garin da aka haife ta, ta rasa sunanta. Husaina ta rasa manemi. Babansu ya bar zama a ƙofar gida. Kawu ya sallami Isma'ila, ya rasa keke da shago, ya rasa Raliya.

Alhaji Kyari ya rasa tela ɗaya. Kafin sati ya samu wani.