Kyauta da Duk Abin da ke Cikin Akwatin

Ana gobe za a sallamo matata daga asibiti da jaririyarmu, na ɗaura akwatin mesar Yaya a bayan babur. Yaya ne ya rene ta tun tana kamar igiyar takalmi, ya raɗa mata suna Gimbiya. Da ya samu aiki a nesa sai ya bar mini ita, bayan na yi masa alkawarin ba zan bari a kashe ta ba. Matata kuwa ba ta ɓoye mini ba. "Ko ni da 'yata, ko wannan abar," in ji ta. "Ba za mu kwana gida ɗaya ba."

Na yi cigiya har bakina ya gaji. Masu so ba su da iyaka, amma kowa fatar yake hange. Ana haka wani tsoho ya kira ni a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce in kai masa ita gida na ƙarshe bayan tsohon gidan ruwa. Ni da nake neman mafita ido rufe, ko tambayar inda ya samo lambata ban yi ba.

Rana ta yi ja lokacin da kwalta ta ƙare. Ciyawa ta rufe hanya, warin kwantaccen ruwa ya cika mini hanci. Kwaɗi suna ta kuka. Ina wuce gidan ruwan suka yi tsit gaba ɗaya.

Gimbiya malalaciya ce ta gaske, sai ta wuni ba ta motsa ba. Amma ga shi tana ta dukan akwati a bayana.

Ƙofar gidan a buɗe take. Na yi sallama.

"Shigo," aka ce daga ciki. Ba a amsa sallamar ba.

Ɗakin sanyi ƙalau, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tsohon yana zaune a ƙasa can ƙurya, ya lulluɓa da bargo har wuya. Na ajiye akwatin a gabansa, na durƙusa, na buɗe murfin.

"Baba, ɗumi take so," na ce, ina sauri. "Kar a ajiye ta a kan siminti. Ɓera ɗaya a mako ya ishe ta. In ta ci, a ƙyale ta kwana biyu, in ba haka ba za ta amayar. In kuma ka ga idonta ya yi hazo, saɓa za ta yi, sai a jiƙa mata tsumma."

"Na sani," ya ce.

Tunda na shigo ban ga ya ƙifta ido ba.

Kwanon ruwanta ya kife a hanya. Na zura hannun dama in gyara shi. Nan take ta nannaɗe mini wuyan hannu, jikinta yana rawa.

"Ɗan nan," tsohon ya ce a hankali, "ka ba ni?"

"Na ba ka, Baba."

"Da duk abin da ke cikin akwatin?"

Kwano da tsumma na ɗauka yake nufi. Har da 'yar dariyata.

"Duka, Baba. Halak malak."

Murfin ya faɗo mini a hannu.

Bargon ya zame. Ba hannu. Ba kafaɗa. Jiki ne kawai, dogo, yana sheƙi, ya miƙe har cikin duhun ƙuryar.

Na ja. Aka ja.

Wani abu mai sanyi ya lashi yatsuna a cikin akwatin, ɗaya bayan ɗaya.

A'uziyya ta maƙale mini a wuya. Da ƙyar ta fito. Tana fitowa na ji Gimbiya ta sake ni, na fizge da duk ƙarfina, fata ta saluɓe.

Ban san yadda na hau babur ba. Ina murza shi na ji muryar daf da kunnena.

"Ba sauri nake ba. Riƙe mini hannun nawa."

Washegari matata ta dawo, ta leƙa inda akwatin yake zama, ta yi hamdala. Shi kuwa Yaya na ce masa Gimbiya ta sami gida mai kyau.

Ciwon ya warke, amma hannun bai sake yin ɗumi ba. Ba ya gumi. Da safe in na zauna sai in tarar ya miƙa kansa inda rana ta faɗo. Watan jiya fatarsa ta fita ɗungurungum kamar safar hannu, na binne ta ban faɗa wa kowa ba.

Jiya matata ta miƙo mini yarinyar za ta shiga wanka. Ina jijjiga ta, ina mata wasa, sai na ji hannun yana zagaye bayanta. Yana matsawa kaɗan-kaɗan, duk lokacin da ta saki numfashi. Da hagu na ɓanɓare shi.

Yau da safe ta sake miƙo mini ita. Na ce hannuna da datti. Ta harare ni, ta ce wai 'yata ce nake ƙyama. Na danne hannun a ƙarƙashin cinyata, na bar ta a haka.