Gonarmu a Gindin Dutsen Wuta

A shagon cajin waya na kasuwar Batsari Ikilima ta fara ganinsa, yana leƙen wayarta ko kunya babu. Gem take bugawa, na wata duniyar aljanu mai dutse mai aman wuta a tsakiya.

Ya ce sunansa Tayyib, daga Runka, kuma me ya sa ta yi gonarta nesa da dutsen? Ai tokar da yake amayarwa ta fi takin shanu, haka ya karanta a jami'a. Harara ta fara ba shi, lambarta ta biyo baya.

Suka haɗa gona ɗaya a gindin dutsen. Ya koya mata alamu: in rijiya ta yi ɗumi, ƙasa ta fara rawa, awaki suka watse, to ƙafa me na ci ban ba ki ba.

"Manomiyata, kin yi ban-ruwa?" yakan rubuto.

"Na yi, Sarkin Toka. Kai nake jira."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Malam Barau, ya ce sam. Ba zai kai 'yarsa garin da ake kwana da ido ɗaya ba.

Ana cikin haka Tayyib ya ɗauke ɗif, saƙo ba ya shiga. Mubarak maƙwabcinsu, wanda ya daɗe yana sonta, ya ce ai tsoron Babanta ya ji ya gudu. Ikilima ta kasa zaune ta kasa tsaye. Wallahi ta gwammace a ce gudun ya yi, da abin da zuciyarta ke raya mata game da hanyar Runka.

A cikin gem ɗan mutumin da Tayyib ke wasa da shi na tsaye a gona inda ya bar shi. Rijiya ta yi ɗumi, ƙasa ta fara rawa, kowa ya tsere. Ita ta tsaya kusa da shi har narkakken dutse ya rufe su.

Ashe sabis aka yanke a Runka. Ranar kasuwa sai ga Tayyib a kan babur, ya buɗe waya a ƙofar gidansu ya ga abin da ya faru a gonar.

"Manomiyata, ba na koya miki gudu ba?"

"Ba ka koya mini barinka ba."

Malam Barau na zaure yana ji, ya kuma ga yadda 'yarsa ta rame. Ya ce ya turo magabatansa, amma a Batsari za su zauna.

Bayan ɗaurin aure suka buɗe gem tare. Ga gero nan ya tsiro kore shar a cikin baƙar toka. Allah Ya ba da zaman lafiya, a gidansu da Runka baki ɗaya.