Yatsu Masu Kanta

Yana sunkuye kan wata tsohuwar sifika a shagonsa na gyaran rediyo, hayaƙin dalma na shiga masa ido, sai ya ji sallama. Budurwa ce da jakar makaranta, rungume da katako mai faɗin tire. An jera masa ƙananan tagulla takwas, wayoyi sun yi cirko-cirko ta ƙasa.

"Malam, waya ɗaya ce ta cire, a liƙa min."

Ya liƙa. Amma shi mutum ne da ba ya barin abu ya wuce bai san cikinsa ba.

"Wai wannan mene ne? Tarkon ɓera?"

Ta harare shi tana dariya. "Abin kiɗa ne. Aikina ne na gama jami'a."

Ta ɗora yatsa kan tagulla ɗaya, sai ga sauti kamar na jita. Ya goge hannu a riga ya taɓa. Shiru. Ya danna da ƙarfi. Shiru. Ta sake taɓawa, katako ya rera.

"Ikon Allah," ya ce. "Shi ma ya san wanda bai yi boko ba."

Daga ranar wayoyin katakon suka riƙa cirewa kusan kullum, har maƙwabcinsa tela ya fara gyaran murya in ya hango ta. Ita ta sa masa Mai Dalma, shi kuma Injiniya yake ce mata. A kan bencin shagon ta gaya masa dalilin aikin. Babanta ya shekara talatin yana kaɗa jita, sai ciwo ya shanye masa hannun dama. Shekara uku ke nan jitar na rataye a bango. So take ya yi kiɗa da hagu kaɗai.

Wata safiya saƙonta ya shigo: "Mai Dalma, yau babu abin da ya lalace. Zan iya zuwa?"

Ya daɗe yana laluben haruffa. "Injiniya, ni ne na lalace. Zo ki duba."

Da maganar aurensu ta kai gidansu Injiniya, Baba ya ce sam.

"Na ci abinci da hannuna, na ga ƙarshen abin ranar da hannun ya tafi. Ba zan ba mai gyaran rediyo 'yata ba."

Hankalinsa ya fi kwanciya da wani ɗan ajinsu mai tabarau, wanda ya taya ta tsara aikin a kwamfuta.

Ranar da ta kammala, ta ɗora wa Baba katakon a cinya. Ya taɓa. Shiru. Ya bi takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, ko ƙis. Ya ture shi a hankali.

"Har katako ya san na ƙare."

Mai tabarau ya ce ai ba mamaki, wancan ɗan gyaran ne ya ƙona wani abu da ƙarfensa na dalma.

Saƙonta ya iso shago da zafi: "Ka kunyata ni gaban Baba. Me ka taɓa a ciki?"

Bai yi fushi ba. Ya zauna yana juya hannunsa, yana kallon kan yatsun da ƙarfen dalma ya gasa shekara goma har suka yi tauri kamar ƙafar takalmi. Sai ya tuna ranar farko.

"Injiniya, yi haƙuri ki dubo min kan yatsun Baba na hagu. Akwai kanta?"

Can sai ga amsa: "Akwai. Duk huɗun."

"To katakonki lafiya lau yake. Fata mai laushi kawai yake ji. Ara min shi kwana biyu."

Ya farke tsofaffin rimot goma sha ɗaya, ya zaɓi robobin da suka fi taushi, waɗanda dannawa suke ji ba fata ba. Ya dasa su kan tagullar, ya matso da su kusa da juna yadda hannu ɗaya zai game.

Ya isa gidan da katakon, ya durƙusa a bakin ƙofar falo. Baba ko kallonsa bai yi ba.

"Baba, ni ma ya ƙi ni. Duba."

Ya miƙa hannu. Tsohon ya kama yatsun ya murza, ya dubi nasa. Ya juya ga 'yarsa.

"Su wa suka gwada abin nan?"

"'Yan ajinmu, Baba. Mu arba'in."

"Arba'in, duk masu hannun riƙe biro."

Ya jawo katakon ya danna roba ɗaya. Sauti ya fito. Ya danna ta biyu, ta uku, yatsun suka fara tuna hanya. Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya tana share ido da gefen mayafi.

Sai da ya kai ƙarshen waƙar ya ɗago.

"Kai, ɗan gyara. Ta shida ta yi tauri."

"Zan sassauta ta, Baba."

"Ka zo gobe. Ka taho da manyanka."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Ba a ɗauko makaɗi ba, Baba ne ya zauna tsakar gida da katakon a cinya, ya yi kiɗa har gumi ya jiƙa masa riga. Da ya gama ya haɗa hannun amarya da na ango cikin hagunsa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku riƙa jin juna ko da fata ta yi kanta."

Amarya ta sunkuyo ta raɗa wa ango, "Mai Dalma, yau me ya lalace?"

"Babu, Injiniya. Yau an rufe shago."